Masu Hannu da Shuni na Ainihi

Idan aka ce wane mai hannu da shuni ne, ba mai duba tafin hannunsa. Kowa ya gane ana nufin Allah ya buɗa masa. Amma a Ƙofar Mata cikin birnin Kano, dab da asibitin Murtala, akwai dattawan da maganar ta hau kansu tiryan-tiryan. Hannuwansu shuɗi ne har wuyan hannu, faratansu sun yi baƙi ƙirin, kuma ba sabulun da zai fitar da shi. Suna zaune a bakin ramuka, su tsoma zane, su ɗago shi ya sha iska, su sake mayar da shi, tun hantsi har la'asar. Ba ɗayansu da za a lissafa cikin attajiran Kano na yau. Sai dai akwai zamanin da shunin da ke hannun irinsu shi ne arzikin garin, shi ne abin da ya sa ayarin raƙuma ke keta Sahara wata da watanni don su sauka a kasuwar Kurmi.

Allon da ke ƙofar karofin ya ce an kafa shi a 1498, wato ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma ya faɗaɗa ganuwa ta wannan ɓangare na birni. Marinan wurin haka suka gāji labarin daga iyaye da kakanni. Rinin baba kansa ya girmi wannan shekara a Afirka ta Yamma, domin a kogunan duwatsun Bandiyagara na ƙasar Mali an tono tufafin auduga masu rinin shuɗi da suka kai ƙarni na 11 da na 12. A ƙasar Kano kuma gidajen marina da dama suna danganta asalinsu da Barno, abin da bai zama abin mamaki ba ga wanda ya san daɗewar cuɗanyar Hausawa da Barebari.

Komai daga gona yake farawa. Baba ɗan tsiro ne mai ƙananan ganye, ana shuka shi da damina, sau da yawa a gefen gero ko dawa. In ya isa yanka sai a yanke shi, a sassare, a tara shi ya ruɓa, a cura a shanya, sannan a kai kasuwa a buhu ko a kwando. A kudu, inda ruwa ya fi yawa, talaki ake amfani da shi, wanda Yarabawa ke kira elu. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, duk wanda ya murza ɗanyen ganyen baba ba zai ga shuɗi ba. Launin a ɓoye yake, kuma ko ya fito ba ya narkewa a ruwa, balle ya shiga zare. Dukan gwanintar marini a nan take: ya san yadda zai lallashi abin da ba ya narkewa ya narke.

Sai marini ya cika rami da ruwa, ya zuba toka da katsi, wato ƙonanniyar lakar tsohon rami, ya zuba baba, ya rufe da murfin saƙa mai kama da malfa. Daga nan sai jira. Kwana da kwanaki ruwan yana tsima, da zafi ya yi sauri, da hunturu ya yi nawa. Kullum marini zai zo da muciya, doguwar sanda mai kama da ta tuƙin tuwo amma ta fi mutum tsawo, ya dama, ya dubi kumfar da ta taso, ya shinshina. Wasu har ɗanɗanawa suke yi da harshe. Masana kimiyya sun bayyana cewa ƙwayoyin bakteriya ne ke aiki a cikin ruwan tokar, suna cinye iskar da ke ciki, suna juya launin ya zama mai narkewa. Marini bai taɓa ganin bakteriya ba, amma ya san rami yana da rai. Ya san ranar da ya nuna, ya san in ya gaji a bar shi ya huta, ya san ranar da ya mutu ya zama dagwalo, wanda warinsa kaɗai ya isa ya kori mai wucewa.

Wanda bai taɓa ganin an ɗago zane daga rami ba zai ɗauka an yi ɓarna. Kore-kore yake fitowa, kamar ruwan gansakuka. Sai iska ta buge shi, a gaban idonka ya rikiɗe ya koma shuɗi. Shi ya sa marini ba ya jiƙa zane ya tafi harkarsa. Tsomawa yake yana ɗagowa, domin kowane shan iska yana ɗora sabon launi a kan na baya. Mai son shuɗi mai haske ba zai daɗe ba. Mai son baƙi, irin wanda sai a rana ake gane ashe shuɗi ne ya kai maƙura, sai ya yi haƙurin sa'o'i, wani lokaci kwanaki.

Marigayi Philip Shea, malamin tarihi da ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1975 a kan wannan sana'a, kuma ya ɗora yatsa a kan wani abu da ido ke tsallakewa: ramin kansa. A da, a manyan tukwanen ƙasa ake rini, ana binne su a ƙasa. Tukunya tana da iyaka, ga tsada, ga fashewa. Sai marinan ƙasar Hausa suka gano laso. In rami ya mutu, ana kwashe laka da tarkacen baban da suka kwanta a gindinsa, a cura, a shanya, a ƙone, shi ne katsi. In aka haɗa katsi da ruwan dafara mai yauƙi da gashin dabbobi irin wanda majema ke kankarewa daga fata, sai a sami wani irin siminti da ruwa ba ya ratsa shi. Da shi ake shafe cikin rami. Daga nan marini ya sami damar haƙa rami mai zurfin gaba biyu ko uku, wanda ke cin ruwa da baba ninkin-ba-ninkin na tukunya, kuma ya yi shekaru aru-aru yana aiki. Kuɗin rina zane guda ya faɗi, yawan abin da ake rinawa ya tashi.

Abin burgewa a nan shi ne sana'ar da sharar kanta ta gina kanta. Katsin da aka kwaso daga mataccen rami shi ake zubawa a tayar da sabo, shi kuma ake shafe bangon wani da shi. Har magina suka ɗauka, suna shafe rufin soraye da laso don kada damina ta yi musu ɓarna. Shea ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen ƙarni na 19 akwai ramukan rini tsakanin 15,000 da 20,000 a masarautar Kano, da marina kusan 50,000.

Rami kaɗai bai isa ya kawo wannan bunƙasa ba. Jihadin da ya fara a 1804 ya haɗa Kano da Katsina da Zazzau da Nupe da Adamawa da Ilori a ƙarƙashin tuta guda, sai kasuwa ta buɗe fiye da yadda aka taɓa gani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ƙarfafa masu sana'a su zauna a garuruwan ribaɗi. A Kano, bayan Sarki Ibrahim Dabo ya kwantar da tarzomar farkon mulkinsa, wanda ya fara a 1819, masaƙa da marina da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga wuraren da yaƙi bai lafa ba. Akwai kuma ɓangaren da ba a cika son ambata ba in ana tutiya da tarihin: yawancin audugar da baban da suka ciyar da karofi a rinji aka noma su, da gumin bayi, kuma cikin gwanayen masaƙa akwai waɗanda igiya ce ta kawo su Kano daga ƙasar Nupe da wasu wurare.

Kafin zane ya iso bakin rami ya riga ya bi ta hannu da yawa, kuma na farko hannun mata ne. Su ke gurzar auduga su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari, suna shafa alli a yatsa. Tsohuwa a cikin kulle tana iya tara kuɗin kayan ɗakin jikarta da abawa da zare kawai. Masaƙa maza su saƙa ƙwarya-ƙwarya, maɗinka su harhaɗa, dillali ya kai karofi, daga can sai mabuga. Mutum ɗaya bai taɓa zama gwanin duka ba, kuma kowane mataki da mai jarin da ke bayansa.

A watan Fabrairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim a madadin gwamnatin Ingila, ya shigo Kano a zamanin Sarki Usman. Ya iso a talauce, ga zazzaɓi, ga bashi, amma idonsa bai daina lissafi ba. Ya ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi 300 na tufafin Kano a shekara, wanda kuɗinsu ya kai wuri miliyan 60, kuma dukan abin da sana'ar ke samarwa ya kai wuri miliyan 300. Ya ce tufafin suna kaiwa Murzuƙ da Gat da Tarabulus a arewa, a yamma kuma har bakin Tekun Atalantika. Ya kuma ambaci kuɗin karofi, harajin wuri 700 da ake karɓa a kan kowane rami, ya ce ramukan cikin birni kaɗai sun haura 2,000. Sarki ba ya sa wa sana'a harajinta na musamman sai ya ga maiƙo a jikinta.

Duk da haka, mafi tsadar kaya ba a cikin birni ake yin su ba. A kudancin Kano ne, a Kura da Bunkure da Dal da Zarewa da ƙauyukan da ke kewaye da su, inda ruwa da baba da itace suka fi sauƙin samu. Kura ta yi fice har sunanta ya zama sunan kaya: ɗan Kura, rawanin nan baƙi mai walƙiya da sarakuna da hakimai ke naɗawa ranar hawa. Turkuɗin Kura da ƙyallaye ake yin sa waɗanda faɗinsu bai wuce na yatsa ba, sirara har ana hango haske ta cikinsu, a jera gommai a ɗinke su da hannu ɗaya bayan ɗaya. A rina shi, a sake rinawa, har ya ƙi karɓar ƙari.

Sannan a kai wa mabuga. Sukan zauna a jere a gaban wani ƙaton gungume mai santsi, kowa da sandar bugu mai nauyi a hannu. A barbaɗa wa zanen garin shuni, wato tataccen baban da aka busar, a ɗan shafa kitse, a yayyafa ruwa, a ninke, sai duka. Sandunan suna sauka bi da bi, ba mai karo da wani, har daga nesa mutum zai rantse kiɗa ake yi. Dukan ne ke cusa shunin cikin zaren, ya daddanne shi, har zanen ya ɗauki ƙyalli irin na ƙarfe, baƙi mai ratsin ja-ja kamar wuyan tattabara. In an gama sai a naɗe shi a takarda don kada ƙyallin ya dushe kafin ya isa hannun mai shi. Babbar rigar da aka yi wa wannan aiki ita ake kira kore, ko da yake ba abin da ya haɗa ta da launin ganye.

Manyan masu sayen wannan kaya Buzaye ne. A da ayarin Abzinawa kan ɗauko gishiri da dabino daga Bilma, su gangaro ta Agadas da Damagaram, su sauka a ƙasar Kano da rani, su koma da gero da turkuɗi. A wurinsu alasho, wato rawanin da namiji ke rufe fuska da shi tun daga ranar da aka ce ya zama mutum, shi ne mutunci. Shunin da ke zuba daga jikinsa ya rina goshi da kumatu, wanda wata matar za ta kira aibin zane, su a wurinsu shi ne shaidar kaya na gaske, kuma suna cewa yana kare fata daga rana da iskar hamada. Daga nan Turawa suka laƙaba musu sunan shuɗɗan mutanen Sahara. Da wuya mai kallon hotunansu ya san cewa shuɗin daga wani rami yake a kudancin Kano.

Me ya sa shuɗi ya mamaye tufafin Hausawa haka, alhali daji cike yake da itatuwa masu launi? Akwai karan dafi, wata irin dawa da ake nomawa don jan da ke jikin kubenta. Akwai saiwar rawaya, wadda ta ba launin rawaya sunansa, da gangamau, da ganyen marke. Akwai bagaruwa, wadda in ta haɗu da tsatsar ƙarfe take ba da baƙi. Matsalar ita ce auduga tana da taurin kai. Yawancin waɗannan launuka ba sa zama a jikinta sai da wani mahaɗi da zai riƙe su, in ba haka ba wanki biyu sun koɗe. Baba kuwa ba ya bukatar kowa, iska ce ke ɗaure shi a cikin zare. Saboda haka sauran launukan suka koma wurin dukawa da masu saƙar tabarma da faifai. Jar fatar akuyar Sakkwato da aka rina da karan dafi ita ce ta bi ayari zuwa Arewacin Afirka, Turawa suka saye ta can suka sa mata sunan fatar Maroko. Mai son ja a jikin riga kuwa sai ya sayi alharini, wanda shi ma ta Sahara yake zuwa a rine, a saƙa barage da shi.

Ado a jikin zane ya fi fitowa daga masaƙa, kamar saƙi mai zanen zabuwa, inda ake rina zaren tun kafin a ɗora shi a kan masaƙa. Hana rini shiga wasu wurare don a fitar da fure kuwa, a nan Yarabawa suka yi zarra. A Abekuta da Ibadan mata ne ke rini, a tukwane, kuma tun farkon ƙarni na 20 suke shafa kunun rogo a jikin farin yadi, da gashin kaza ko ta cikin farantin kwano da aka huda, su rina, su kankare kunun, adire ya fito. A Kano ɗauri da ƙulli aka fi yi, kuma nan ma aikin ya koma hannun mata. A cikin gida suke zama da allura da zare ko kaba, su tsuke yadi ƙulli-ƙulli, wani zanen ya ci mako guda ko fiye, yaro ya kai karofi, in ya dawo su warware. Baƙon da ya sayi zane a Ƙofar Mata ya ɗauki hoton marini, amma wadda ta fitar da adon bai gan ta ba.

Abin da ya karya karofi daga nesa ya taso, kuma a hankali ya iso. A 1880 wani masanin haɗa sinadarai na Jamus, Adolf von Baeyer, ya haɗa launin baba a ɗakin gwaji, a 1897 kuma kamfanin BASF ya fito da shi kasuwa. Manoman baba na Indiya su suka fara ji a jikinsu. A Kano, Turawan Ingila sun ci birni a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai hanya ta juya: kayan da ke zuwa ta Tarabulus a bayan raƙumi cikin watanni suka koma zuwa ta Ikko cikin kwanaki, da akoko da atamfar Manchester a cikinsu. Duk da haka masaƙan Kano ba su ba da kai da wuri ba. Turawa sun shimfiɗa dogo ne da fatan kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha, sai suka tarar masaƙan gida suna sayenta da tsadar da kamfaninsu ba zai iya biya ba. Manoma kuma suka duba inda riba take suka rungumi gyaɗa. Gonar da ta koma gyaɗa kuwa ba ta koma baba ba.

Su ma abokan ciniki na arewa masifa ta bi su. Yunwar 1913 zuwa 1914, sannan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar da Faransawa suka yi a Abzin, sun tarwatsa ayari da dukiyar Buzaye. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa garkunan da suka rage, kuma wanda raƙumansa suka mutu ba ya tambayar kuɗin alasho. A gida kuma masaƙun zamani suka buɗe, Kaduna Textiles a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano. 'Ya'yan marina da yawa suka bar rami suka koma rinin shadda da garin kanti da soda, a tafasa a rabin ganga, a gama cikin sa'a guda, kowane launi mutum ke so. Su ma ranarsu ta zo. A 2015 marinan Kano suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu suna kukan yadin da ake shigowa da shi daga Sin a rine ya hana su aiki. Masu sayar da yadi a Kantin Kwari kuwa da ma sun san za a rina.

Inda sana'ar ta bar sawu sosai shi ne a sunaye. Akwai Marina a Sakkwato, akwai karofin Zage a Kano, akwai garin Karofi a ƙasar Katsina, inda Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo ya rasu har ake ce masa Maje Karofi. A garuruwa da yawa yaro zai gaya maka sunan unguwarsu Marina ko Mabuga, bai taɓa ganin rami ko jin ƙarar bugu ba, domin an cike wurin an yi shaguna.

A Ƙofar Mata akwai ramuka sama da ɗari, amma kaɗan ne ke da ruwa a ciki, sauran ƙasa da leda sun cike su. Masu zuwa sun fi yawa daga cikin baƙi da 'yan makaranta da masu ɗinkin zamani da ke neman shuɗin gargajiya don kasuwar Legas da Turai, kuma ba kowane rami ne ya tsira daga gaurayen garin kanti ba. A Kura kuwa har yanzu akwai gidajen da ake ɗinka turkuɗi, ana bugunsa, ana naɗe shi a takarda, dillalai su ɗauka a mota zuwa Damagaram da Tawa da Agadas. In bikin Biyanu ya gabato a Agadas, ko taron makiyaya na Ingal a ƙarshen damina, ciniki kan ɗan motsa. Mai saye zai buɗe bakin takardar a hankali, ya karkata zanen ga rana ya ga ƙyallinsa, ya goga babban yatsa a kai, ya duba yatsan, sannan a fara maganar kuɗi.